Waiwaye Adon Tafiya: Ranakun Ƙarshen Oktoba da Mutanen da Suka Tsaya

(Kiɗan buɗe shiri. A sassauta shi a hankali.)

MAI GABATARWA:

Ina gaida na gida da na kan hanya. Ina gaida direban da ya kunna rediyo yana tuƙi, da uwargidan da ke tsince shinkafa tana saurare, da manomin da ya rataye 'yar rediyonsa a reshen bishiya yana yankan dawa.

Ga Oktoba nan ta kusa naɗe tabarmarta. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, da asuba kuma an fara jin ɗan sanyin nan mai gaya maka hunturu yana tafe. Lokaci ne da manomi ke zama ya ƙirga dami nawa Allah ya ba shi. Mu ma yau ƙirga za mu yi. Za mu duba kwanaki goma sha ɗayan nan na ƙarshen Oktoba, mu ga abin da suka haifar wa duniya, da waɗanda aka haifa a cikinsu. Za ku ji sunayen shugabanni da na 'yan ƙwallo. Amma abin da nake so ku kasa kunne a kansa shi ne wannan: kusan duk wata babbar rana, in ka tona ƙarƙashinta, za ka tarar da mutum guda da aka zo gabansa da magana, ya ce "to" ko ya ce "a'a", rayukan jama'a suka rataya a kan amsarsa.

Mu fara da ranar 24 ga wata. A irin wannan rana ce a 1945 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki da ƙasashe 51, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ci rayuka sama da miliyan 50. Yaƙin nan bai bar gidajenmu ba, domin har yau akwai gidajen da ake cewa kakansu sojan Bama ne. Nijar ta shiga Majalisar ranar 20 ga Satumba 1960, Najeriya ta biyo baya ranar 7 ga Oktoba ta zama ƙasa ta 99, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban duniya ya yi magana da sunanta. A 24 ga Oktoba ne kuma, a 1964, Zambiya ta samu 'yancin kai a ƙarƙashin Kenneth Kaunda.

In muka ƙara ja da baya zuwa 1929, ranar Alhamis 24 da ranar Talata 29 ga Oktoba kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe. Wani zai ce, me ya haɗa manomin ƙasar Kano ko na Maraɗi da New York? Gyaɗa ta haɗa su. Masana'antun Turai suka rage saye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a kanti, haraji kuwa da tsabar kuɗi ake biyansa. Mutumin da bai taɓa jin sunan garin ba sai ga shi yana sayar da akuyarsa saboda abin da ya faru a can. Shi ya sa muke wannan shiri. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

(Gajeren kiɗa.)

Yanzu ku biyo ni ƙarƙashin teku. Shekarar 1962 ce, ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Sobiyet ta girke makamai masu linzami masu ɗaukar nukiliya a tsibirin Kyuba, wanda tsakaninsa da gaɓar Amurka bai wuce kilomita 150 ba. Ranar 22 ga Oktoba Shugaba Kennedy ya fito a talabijin ya sanar da jama'arsa, ya kuma ce jiragen yaƙin Amurka za su tare hanyar teku. Duniya ta yi tsit. Kowane ɓangare yana riƙe da makaman ƙare-dangi da za su iya toye manyan birane cikin 'yan sa'o'i.

Ranar Asabar 27 ga wata ita ce mafi muni. A ranar aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka a sararin Kyuba, matuƙinsa ya mutu. A ranar kuma jiragen ruwan Amurka suka yi wa wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet mai lamba B-59 ƙawanya, suna jefa masa ƙananan bama-bamai na gargaɗi don ya fito sama. Abin da Amurkawan ba su sani ba shi ne, jirgin yana ɗauke da makamin nukiliya.

Ku kwatanta halin da mutanen ciki suke. Kwanaki ba su ji daga Mosko ba. Batir ya kusa ƙarewa, na'urar sanyaya iska ta lalace, zafi ya kai inda matuƙa ke suma a bakin aiki, ga ƙarar fashewa tana dukan jikin jirgin kamar ana buga ganga kai kana cikinta. Kamar yadda waɗanda suke ciki suka ba da labari daga baya, kwamandan jirgin, Valentin Savitsky, ya ɗauka yaƙi ya riga ya ɓarke a sama, ya ce a shirya makamin. Sai dai a cikin jirgin akwai wani babban hafsa mai suna Vasili Arkhipov, ɗan shekara 36, ɗan gidan manoma, wanda shi ma sai da yardarsa. Arkhipov ya ƙi. Ya yi ta lallashin kwamandan har zuciyarsa ta sauka, jirgin ya fito sama, ba a harba komai ba. Washegari, 28 ga wata, Khrushchev ya sanar da cewa zai kwashe makaman daga Kyuba. Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye tsibirin ba, a asirce kuma ta yarda ta janye nata makaman daga Turkiyya.

Arkhipov ya mutu a 1998, duniya ba ta san aikinsa sosai ba sai a 2002. A wannan Asabar ɗin, iyayenmu suna gona suna girbi, ba su san cewa haƙurin wani baƙo a cikin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa yana cikin abin da Allah ya sa ya zama sanadin kwanansu lafiya ba. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce mahaƙurci mawadaci.

Kada mu bar ranar 27 ga Oktoba tukuna, domin tana da wata kyauta da ta ba mu a nan gida. A wannan rana ce a 1956 aka haifi wata yarinya a Legas, aka sa mata suna Ameyo Stella Adadevoh. Ta fito daga zuriyar Herbert Macaulay, ta yi karatun likita, ta shekara sama da 20 tana aiki a wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Obalende.

Ranar 20 ga Yuli 2014 wani jami'i daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin saman Legas ba shi da lafiya, aka kai shi asibitin. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Dakta Adadevoh ba ta taɓa duba mai cutar Ebola ba, amma da ta dube shi sai jikinta ya ba ta. Ta sa aka ɗauki jininsa, ta sanar da hukuma, ta killace shi. Shi kuwa ya dage sai ya fita, domin akwai taron da ya zo halarta a Kalaba, aka kuma yi ta matsa wa asibitin lamba a sallame shi. Ta ce ba zai fita ba.

Jama'a, ku tuna yadda Legas take. Ku tuna tashoshin mota, da motocin dare masu tasowa zuwa Kano, Sakkwato, Maiduguri, wasu su zarce Maraɗi da Damagaram. Da mutumin nan ya fita ya shiga jama'a, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli. Dakta Adadevoh ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta, wasu daga cikin abokan aikinta ma suka rasu. Gaba ɗaya mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka mutu. Ranar 20 ga Oktoba 2014, saura mako guda ta cika shekara 58 da tana raye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa Najeriya ta rabu da Ebola. Duk uwar da ke saurarena tana riƙe da ɗanta a cinya, ta riƙe sunan wannan baiwar Allah.

(Kiɗa. Bayan ɗan lokaci a sassauta.)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, shirin Waiwaye Adon Tafiya kuke saurare, muna bitar ranakun ƙarshen Oktoba.

Ina so in yi wa matasa wata tambaya. Wa ya taɓa ganin mai agana? Na san babu. Ni kakata, Allah ya jiƙanta, fuskarta duk zanzana ce, ƙananan ramuka tun daga goshi har haɓa. Ina yaro nakan sa yatsa ina taɓawa in tana ba mu tatsuniya. Ba ta taɓa yarda ta kira sunan cutar ba, sai dai ta ce "ciwon nan". Ta ce in ya shigo gari da rani, bukka ake yi wa mai shi a bayan gari, a ajiye masa abinci daga nesa. Wanda ya tashi, wani da tabo, wani da makanta. A dantsena na hagu kuma akwai tabon lamba, zagayayye kamar ƙaramin kwabo. Ina tuna ranar da masu lamba suka zo, yara suka watse, wasu har cikin rumbu. Tabon da ke hannun 'ya'yanmu na yanzu na rigakafin tarin fuka ne, domin an daina lambar agana. To me ya sa aka daina?

Agana takan kashe kusan uku cikin goma na waɗanda mugun nau'inta ya kama, an kuma ƙiyasta ta ci rayuka wajen miliyan 300 a ƙarni na 20 kawai. Dabarar da ta karya lagonta, a gabashin Najeriya aka jarraba ta a ƙarshen 1966, lokacin da maganin lamba ya yi wa wani likita mai suna William Foege ƙaranci. Maimakon a bi kowa da kowa, sai a nemo mai cutar, a killace shi, a yi wa duk wanda ya kusance shi lamba, a zagaye cutar kamar yadda ake share gefen gona don kada wutar daji ta tsallako.

Haka aka yi ta korar ta ƙasa bayan ƙasa har aka ƙure ta a Somaliya. A garin Marka da ke bakin teku akwai wani saurayi ɗan shekara 23, mai dafa abinci a asibiti, sunansa Ali Maow Maalin. Lokacin da ake yi wa ma'aikata lamba ya zille, saboda tsoron zafin allura. Wata rana aka zo da mota ɗauke da yara biyu masu agana, ya shiga don ya nuna wa direba hanya, tafiyar 'yan mintoci. Ranar 26 ga Oktoba 1977 ƙuraje suka feso masa. Aka killace shi, aka bi dubban mutane da lamba, bai sa wa kowa ba, ya kuma warke. Shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ya ɗauki agana ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a. Bayansa sai wani haɗari da ya auku a ɗakin bincike a Ingila a 1978, sannan ranar 8 ga Mayu 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a doron ƙasa.

Ali bai ɓoye kuskurensa ba. Ya mayar da shi jari. Ya shiga aikin yaƙi da shan inna, yana bi gida gida, in uwa ta ƙi sai ya ba ta labarin kansa, yadda tsoron 'yar allura ya kusa kai shi kabari. Yana kan wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a watan Yuli 2013. Allah ya jiƙansa.

Wannan ya kawo mu ga ranar 28 ga Oktoba 1914, ranar da aka haifi Jonas Salk a New York, ɗan baƙin haure marasa hali. Shi ya samar da allurar rigakafin shan inna ta farko da aka tabbatar da ingancinta a 1955. Da aka tambaye shi wa ke da haƙƙin mallakar maganin, ya amsa cewa na jama'a ne, kamar yadda ba mai iya mallake rana. Ɗigon da ake ɗiga wa yaranmu a baki kuwa aikin wani likitan ne, Albert Sabin. Ana tunawa da yaƙi da shan inna kowace 24 ga Oktoba.

A 1988 cutar tana shanye ƙafafun yara kusan 350,000 a shekara, a ƙasashe 125. Mu a nan mun san abin da ya faru. A 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohinmu saboda zargi, kuma zargin yana da tushen da ya samu wurin kamawa, domin jama'a ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Sai dai yaran da ba su ji ba ba su gani ba su suka biya, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Aka dawo da aikin a 2004, sarakuna da malamai suka shigo gaba. A watan Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata, amma 'yan uwansu suka sake ɗaukar akwatin ƙanƙara suka koma lungu. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Har yanzu akwai wani nau'in da ke ɓullowa a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Saboda haka, maigida, in an yi sallama a ƙofar gidanka, ka tuna da Ali mai dafa abinci, ka fito da yaran.

(Kiɗa mai ɗan armashi.)

To, bari mu sha iska da ranakun haihuwa. Ranar 23 ga Oktoba 1940 aka haifi Pele a Birazil. Yana yaro yana goge takalma, ƙwallonsa kuwa safa ce da aka cusa wa tsumma da takarda, irin tamaular da muka taso muna bugawa a lungu. Yana ɗan shekara 17 ya ɗauki Kofin Duniya a 1958, ya sake a 1962 da 1970, har yau babu ɗan wasan da ya ɗauka sau uku sai shi. Ranar 30 ga wata a 1960 aka haifi Diego Maradona, wanda ya taso a wata unguwar talakawa a gefen birnin Buenos Aires. Ya kai Ajantina ga kofi a 1986. Wasansa na ƙarshe a gasar Kofin Duniya da Najeriya ya buga shi a 1994, Samson Siasia ya fara ci, Ajantina ta rama biyu, bayan wasan aka gwada shi aka samu haramtaccen magani a jikinsa. Samari, ku dubi wannan baiwa da Allah ya yi wa mutumin nan, ku dubi yadda ƙwaya ta yi ta cin sa. Ba ta jin kunyar gwani.

A 30 ga Oktoba ne kuma, a 1974, Muhammad Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa. Ƙarfe huɗu na asuba aka sa damben, agogonsu da namu kuwa ɗaya ne. An ƙwace wa Ali kambunsa a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, aka hana shi dambe sama da shekara uku. Ga shi yanzu ɗan shekara 32, Foreman ɗan 25 da ba a taɓa kayarwa ba. Ali ya jingina da igiya ya bar shi yana ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na takwas ya yi kisa, kamar yadda 'yan damben gargajiya ke cewa.

Iyaye mata, ga naku. Ranar 25 ga Oktoba 1900 aka haifi Funmilayo Ransome-Kuti a Abeokuta. Ta tara dubban matan kasuwa suka ƙi harajin da aka ɗora musu, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har Sarkin Egba, Alake Ademola, ya sauka daga gadon mulki na wani lokaci a farkon 1949. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta taso tun daga Zariya ta je wurinta don ta ga yadda take aiki. Ranar 29 ga wata a 1938 kuma aka haifi Ellen Johnson Sirleaf, wadda Laberiya ta zaɓa a 2005, ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka.

Wayar da ke hannunka ma tana da rabo a wannan mako. Daren 29 ga Oktoba 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline yana zaune gaban kwamfuta a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, yana ƙoƙarin aika kalma guda zuwa wata kwamfutar da ke cibiyar bincike ta Stanford, tazarar sama da kilomita 500. Harafi biyu kawai suka isa, L da O, na'urar ta tsaya. Aka gyara, aka sake, saƙon ya tafi. Daga wannan 'yar igiya intanet ta samo asali. Mun san ranar da sa'ar ne saboda an rubuta su a littafin aikin ɗakin.

Amma kowace hanyar saƙo tana iya ɗaukar gaskiya, tana iya ɗaukar ƙarya. Ranar 30 ga Oktoba 1938 wani gidan rediyo a Amurka ya watsa wasan kwaikwayon Orson Welles da aka tsara kamar labarai, wai wasu halittu daga wata duniya sun sauko. Wasu da suka kama shirin a tsakiya suka ɗauka gaske ne, hankalinsu ya tashi. Mu ma mun ga irinta. A farkon Agusta 2014, daidai lokacin da Dakta Adadevoh ke fama da ranta, wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, wai maganin Ebola ne. Masu hawan jini suka sha, aka kwantar da mutane a asibiti, har aka rasa rai. Duk wanda ya tura saƙon nan da kyakkyawar niyya ya tura. Saboda haka kafin yatsanka ya danna, tambayi kanka: wa ya faɗa, a ina, kuma in ƙarya ce wa za ta cutar? A wannan lokacin kai ne mutumin da aka zo gabansa da magana.

(Kiɗa mai sanyi.)

Ƙarshen Oktoba yana da nauyi a zuciyar Sakkwatawa. A cikinsa ne a 1837, watan Rajab na 1253 bayan Hijira, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rasu a Wurno, bayan shekara 20 yana jagoranci. Shi ya gina birnin Sakkwato, ya kafa garuruwan ribaɗi, ya ƙarfafa noma da sana'a. Duk da ɗawainiyar mulki da yaƙi bai ajiye alƙalami ba. Ya yi rubutu a kan shugabanci, ya yi a kan magani har da ciwon ido, kuma littafinsa Infaƙul Maisuri yana cikin manyan madogaran da muke da su a kan tarihin jihadi.

Bayan shekara 169, ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jirgin saman da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, wanda ya fito daga tsatson Bello, da ɗansa Sanata Badamasi, da mataimakin gwamnan jihar. Sarkin yana dawowa ne daga taro a kan ilimi. Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsu.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya fara harararmu. Mun san waɗannan ranaku ne ɗaya bayan ɗaya saboda wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Mu kuwa, in ka tambayi dattijo shekarunsa sai ya ce an haife shi shekarar fara, ko shekarar zuwan Sarauniya, ko shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama. Sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da suke da shi. Mu muna da biro, muna da takarda, ga ofishin hukuma da ke ba da takardar haihuwa.

A cikin makon nan za a yi suna a gidaje da yawa, a yanka rago, a raba goro. Ranar 27 ga Oktoba 1956, babu wanda ya kalli jaririyar nan ta Legas ya san cewa wata rana za ta tsaya a bakin ƙofa ta tare wa miliyoyin mutane annoba. Jaririn da ke kwance a ɗakinki, uwargida, ba mu san ranar da za a zo gabansa da magana ba. Namu shi ne mu kai shi wannan ranar da ƙafafunsa biyu, da iliminsa, da tarbiyyar da za ta sa ya iya cewa "a'a" a inda ya kamata. Malam, ka rubuta ranar haihuwarsa tun kafin ka manta, ka karɓo masa takarda, ka haɗa ta da katin rigakafinsa ka adana a inda ruwa da gara ba za su kai ba.

A nan za mu dasa aya. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da duk waɗanda suka taimaka, nake cewa Allah ya sa mu ga ƙarshen wata lafiya, ya albarkaci abin da muka girbe, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri.)